Idan kotu ta kira ka a Ingila, fara neman mai baƙar riga

A Ingila za ka riƙa jin kalmar usher a wurare daban-daban. A gidan wasan kwaikwayo shi ne mai duba tikiti ya nuna maka kujera, a wurin bikin aure kuma abokin ango ne mai zaunar da baƙi. Waɗannan ko ba ka san su ba, ba ka yi asara ba. Na kotu shi nake so kowane sabon zuwa ya sani, domin yana damuna yadda mutanenmu kan je ba da shaida ko amsa sammaci, su raɓe a baranda suna jira, alhali ba wanda ya san sun iso.

Ka yi sammako, ka isa da saura aƙalla rabin awa, saboda a bakin ƙofa sai an caje jaka. Kana shiga, duba takardar da aka manna mai ɗauke da sunaye da lambar ɗakin shari'a. Daga nan nemi ma'aikacin da ke kai da kawowa cikin baƙar riga mai kama da alkyabba, da jerin sunaye a hannu, shi ne usher na kotu. Faɗa masa sunanka da abin da ya kawo ka. Idan ka nemi tafinta tun kafin ranar, tambaye shi ko ya iso. A kotun majistare, in tuhumarka ake yi kuma ba ka da lauya, shi zai nuna maka lauyan da ke bakin aiki ranar, wanda ba ya karɓar ko kwabo.

Mai baƙar rigar ne kuma mai rantsar da shaidu. Zai tambaye ka da wane littafi za ka rantse, kuma suna ajiye Alƙur'ani. In ba ka da alwala, kada kunya ta hana ka neman a ba ka dama ka yi. In ka fi so, dokar rantsuwa ta 1978 ta yarda ka yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da littafi ba, kuma nauyinsu ɗaya a gaban alƙali.

Amma fa mai baƙar rigar ba lauya ba ne, kada ka nemi shawararsa kan shari'arka. Kada kuma ka miƙa masa na goro don ya kyautata maka, dokar cin hanci ta 2010 na iya hawa kanka. Ɗaukar hoto a kotu laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1925, don haka kashe waya kafin ka shiga.

Idan lokacin azahar ya yi ba a kira ka ba, sanar da shi kafin ka fita yin salla, ka gaya masa yaushe za ka dawo.