Man da ke ƙasa daban, wanda zai fito daban: kurakuran ƙiyasin ɗanyen mai

Da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, adadin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne ganga sama da biliyan ɗaya. Na ji masu ninka wannan adadi da farashin ganga, nan take su fitar da dukiyar da za ta shigo. Kuskuren farko ke nan, kuma har sababbin injiniyoyi yana kamawa.

Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Maƙale yake cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar yadda man gyaɗa yake cikin tunkuza. Duk mai ƙuli-ƙuli ta san ko ta matsa har hannunta ya sage, akwai man da zai zauna a ƙulin. Haka dutsen yake. Idan aka ɗauki filayen mai na duniya gaba ɗaya, abin da ake fitarwa bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sauran na nan a ƙasa. To duk adadin da aka ba ka, fara tambaya: dukkan man da ke cikin dutsen ne, ko kuwa wanda za a iya fitarwa a sayar da riba? Wanda bai raba waɗannan biyun ba, lissafinsa ya tashi tun daga tushe.

Akwai kuma raguwar da mai ke yi a hanya. Can ƙasa, zafi da matsi sun sa iskar gas ta narke cikinsa. Yana hawowa sai gas ɗin ya fice kamar kumfar lemon kwalba da aka buɗe, man ya ragu. Ganga 130 a ƙasa na iya komawa 100 a tanki. A raba adadin man da ke ƙasa da wannan ma'aunin raguwa, wato 1.3 a misalin nan, kuma a samo shi daga gwajin samfurin man filin kansa, kada a ara daga filin maƙwabta. Haka ma ruwan gishirin da ke zaune tare da mai cikin ƙofofin, dole a cire kasonsa. Rijiya ɗaya kuma ba ta isa a yi wa dukan fili hukunci da ita ba, domin dutsen da ya yi kauri a nan yana iya siracewa kilomita biyu gaba.

Wanda ya fi damuna shi ne cakuɗa tabbas da fata. Masu sana'ar sun kasa man gida uku. Tabbatacce, wato 1P, shi ne wanda ake da yaƙinin kashi 90 cikin ɗari za a samu aƙalla haka. A 2P, yaƙinin ya dawo kashi 50. A 3P kuwa kashi 10 ne kacal. Sanya na uku a gurbin na farko yana cinye kamfani. A Janairun 2004 kamfanin Shell ya sanar da zaftare kusan ganga biliyan 3.9 na mai da gas daga abin da ya rubuta a matsayin tabbatacce, wajen kashi 20 cikin ɗari, kuma filayen Najeriya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Shugabansa, Philip Watts, ya sauka a watan Maris, hukumomin Amurka da Birtaniya suka ci tarar kamfanin. Maganin wannan shi ne kada a kira mai tabbatacce sai akwai tsarin fitar da shi da aka amince da shi, da kuɗin aikin, da hanyar kai shi kasuwa. Man Agadem na Nijar ya nuna muhimmancin hanya: kafin bututun kusan kilomita 2,000 da ya kai shi gaɓar tekun Benin, matatar Zinder mai ɗaukar ganga 20,000 a rana ita ce babbar mafitarsa.

Sai hukunci da kwanakin farko. Sabuwar rijiya kan zo da ƙarfi, kamar rijiyar ƙauye a ƙarshen damina. Sai bazara ake sanin gaskiyarta. Tun 1945 wani masanin harkar mai, Arps, ya tsara yadda ake bin saukar abin da rijiya ke bayarwa don hasashen gaba, amma hanyarsa na buƙatar rijiyar ta daidaita tukuna. Jan layin hasashe a kan bayanan wata uku yaudarar kai ne.

Gaggawar janyo mai ma tana ɓata ma'adanar. Idan aka buɗe rijiya fiye da kima, ruwan da ke ƙarƙashin man ya kan taso ya riga shi shiga, matsi ya faɗi, gas ya ɓalle tun a cikin dutse ya bar man babu mai tura shi. A riƙa rufe rijiya lokaci-lokaci a auna matsinta, a kwatanta da abin da aka fitar. Idan ya sauka da sauri fiye da tsammani, a rage buɗin, a duba yiwuwar tura ruwa ko gas ƙasa, a kuma sake lissafin daga farko.