Kurakuran da aka fi yi da laiset mai yawan furotin gyaran DNA a gwajin westan bulot

Abin da ke cikin 'yar kwalbar da ake saya a matsayin samfurin tabbatarwa, wato samfurin da aka san furotin da ake nema yana ciki, ba wani sirri ba ne. Shi kuwa westan bulot gwaji ne da ake raba furotin bisa nauyinsu a cikin jel, a ƙaurar da su kan wata takarda ta musamman, sannan a nemo wanda ake so da antibodi, wato wani furotin da ke manne masa; inda ya manne sai layi ya bayyana. Ana ɗaukar ƙwayoyin sel, galibi wani nau'in sel na ɗan Adam mai suna HEK293T, a cusa musu filasmid, wato ɗan zoben DNA, mai ɗauke da ƙwayar gadon furotin da ake nema, kamar RAD51, XRCC1, OGG1 ko MSH2, a bar su kamar kwana biyu su yi ta sarrafa shi fiye da ƙima, sannan a fasa su a tattara ruwan. Wannan ruwan shi ne laiset. Tambaya ɗaya tak yake iya amsawa: idan furotin nan yana nan da yawa, antibodinka da tsarin aikinka suna iya ganin sa? Yawancin kurakuran da ke biye suna tasowa ne daga ɗora masa abin da ya wuce wannan.

Mu fara da mafi sauƙi, wato yawan zubawa. Ɗalibi ya saba zuba mikrogiram 20 ko 30 na samfurinsa a kowane rami na jel, sai ya yi wa laiset haka. Furotin da ke cikinsa kuwa ya ninka na sel na yau da kullum nesa ba kusa ba. Sakamakon shi ne wani baƙin dunƙule da ke malala zuwa layin maƙwabta, kuma tilas a taƙaita lokacin ɗaukar hoto saboda shi, sai siririn layin da kake nema a samfurinka ya ɓace. Gyaran: a ranar farko ka tsarma laiset ɗin kashi uku ko huɗu, kowane ya fi na gabansa ruwa, ka ga wanda ya ba da layi tsaf, ka riƙe wannan ma'aunin. Ka kuma bar rami ɗaya tsakaninsa da samfuranka, ka cika shi da ruwan Laemmli zalla, wato ruwan da ake gauraya samfuri da shi kafin a zuba a jel.

Sai batun nauyi, wanda ya sa an jefar da antibodi masu kyau ba adadi. RAD51 na ɗan Adam yana da amino asid 339, yana fitowa wajen 37 kDa (kilodalton, ma'aunin nauyin furotin). Amma furotin da ke cikin laiset na kasuwa kusan kullum yana da alama da aka liƙa masa. Idan FLAG ce ko Myc, ƙanana ne, amino asid 8 da 10, layin zai ɗan ɗaga sama kaɗan. Idan GFP ce, wadda ita kanta cikakken furotin ce, ta ƙara kusan 27 kDa, RAD51 ɗinka zai bayyana sama da 60. Wanda bai karanta takardar da ta zo da kwalbar ba zai ce antibodin ya kama wani abu daban. Akwai kuma furotin da su da kansu ba sa tsayawa inda lissafi ya ce: XRCC1 a lissafi kusan 70 kDa ne, a jel kuwa yakan tsaya wajen 80 ko sama da haka. Wannan ɗabi'arsa ce.

Kuskuren da ya fi damuna, kuma shi ne ya fi kaiwa ga rubuta ƙarya cikin rahoto ba da gangan ba, shi ne a ga layi a laiset a ce an tabbatar da ingancin antibodi. Ba a tabbatar ba. Antibodin da ya ga furotin a inda aka tula shi kamar mutum ne da ya gane gero a cikin rumbu, wannan bai nuna zai iya tsinto ƙwaya ɗaya a cikin yashi ba. A samfurinka furotin ɗan kaɗan ne, kewaye da dubban wasu, kuma wani daga cikinsu na iya zama da nauyi kusan ɗaya. RAD51 ma yana da dangi masu kama da shi, RAD51B, RAD51C, RAD51D, XRCC2, XRCC3 da DMC1, kuma duk nauyinsu bai yi nisa da nasa ba. Abin da ke raba gardama shi ne samfurin korewa, wato sel da aka san furotin ba ya ciki. Ga furotin MLH1 akwai sel HCT116, ga MSH2 akwai sel LoVo, ga DNA-PKcs akwai sel M059J. RAD51 ba a iya cire shi gaba ɗaya sel ya ci gaba da rayuwa yadda ya kamata, ɓerayen da aka cire musu shi tun suna ɗan tayi suke mutuwa, don haka sai a rage shi da siRNA, gajeren RNA da ke hana sel sarrafa furotin ɗin, a duba ko layin ya dushe. Layin da bai motsa ba bayan an rage furotin, ba naka ba ne, komai kyansa.

A nan wasu ke faɗawa wani ramin. Sukan sayi laiset na filasmid wanda babu komai a cikinsa, su ɗauke shi samfurin korewa, sai su ga layi a ciki su ɗauka kwalbar ta gurɓata. HEK293T sel ne na ɗan Adam mai rarrabuwa da sauri, yana da nasa RAD51, PARP1 da Ku70. Wannan layin daidai ne, yana ma da amfani, domin yana nuna maka inda furotin na asali, mara alama, yake tsayawa. Mai aiki da furotin p53 ya ƙara lura: waɗannan sel suna ɗauke da babban antijen T na ƙwayar cutar SV40, wanda ke riƙe p53 ya sa ya taru, saboda haka ba su dace a auna komai na p53 da su ba.

Idan kuma laiset ɗin da kansa bai ba da layi ba, kada a yi saurin yanke hukunci. A fara rina takardar da aka ƙaurar da furotin kanta da Ponceau S, wani rini ja da ke nuna duk furotin, a ga ko furotin sun ƙaura daga jel. Manya irin BRCA1, wajen 220 kDa, da BRCA2 mai amino asid 3418, ba sa fita daga jel mai kauri cikin awa ɗaya. Suna son jel na kashi 6 cikin 100 ko na Tris-asetet, ƙarancin metanol a ruwan ƙaura, da kwana guda cikin sanyi. Bayan nan a gwada antibodin alamar. Idan antibodin FLAG ya gani naka bai gani ba, laiset lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen antibodinka, ko kuma an sayo laiset na wani nau'in furotin ɗin da ba shi antibodinka ke gani ba. OGG1 misali ne mai kyau: nau'in da ke cikin niyukiliyas da wanda ke mitokondiriya sun bambanta a wutsiyarsu, antibodin da aka yi don wutsiyar ɗaya ba zai ga ɗayan ba.

Juyin lamarin ma yana faruwa, laiset ya haska samfurinka ya yi shiru. Kafin ka rubuta cewa sel ɗinka ba su da furotin, ka tuna cewa da yawa daga masu gyaran DNA a jikin kromatin suke zaune, wato DNA da furotin da ke naɗe da shi. Idan ka fasa sel da ruwa mai laushi, ka juya a santirifuj, ka zubar da guntun da ya kwanta a ƙasa, da hannunka ka zubar da abin da kake nema. A yi amfani da RIPA, ruwan fasa sel mai ƙarfi, a karya DNA da na'urar sonikeshan ko da enzayim Benzonase, kuma a ranar farko a zuba guntun nan a wani rami a duba.

Ajiya kuwa, mu da muke aiki inda wuta ke ɗaukewa mun fi kowa sanin zafinta. Kwalba ɗaya da ake narkarwa a mayar kowane mako, ga firiza da ke ɗumama duk lokacin da janareta ya tsaya, ƙarshenta layi ya koma wani dogon shafe a ƙasa. Ranar da ta iso a raba ta cikin ƙananan kwalabe na amfani sau ɗaya, a rubuta kwanan wata, a tura su can ƙuryar firiza mai −80°C, nesa da ƙofa. Mai duba PARP1 ya san cewa layin 89 kDa a ƙarƙashin na 116 aikin kaspes ne, enzayim da ke yanka furotin a sel masu mutuwa, kada a haɗa shi da lalacewar ajiya.

Sauran abu biyu da laiset nan ba zai yi maka ba. Antibodin da ke neman furotin mai fosfet, kamar H2AX a kan serin 139, ba ruwansa da yawan furotin. Samfurin tabbatarwarsa sel ne da aka lalata wa DNA da etoposide ko da radiyeshan, aka fasa su da magungunan hana cire fosfet, kuma gara a toshe takardar da BSA, wani furotin na jinin shanu, maimakon madara, tunda kasin, furotin madara, shi ma yana ɗauke da fosfet. Na biyu, furotin laiset da ya zo cikin SDS, wani sinadari mai kama da sabulu, ko aka tafasa shi ya warware, ba zai yanke DNA ba, ba zai kama abokin aikinsa ba. Mai son auna aikin OGG1 ko ya kamo RAD51 tare da BRCA2, sai ya shuka sel ɗinsa ya fasa su sabo cikin ruwa mara SDS, a kan ƙanƙara.