Yadda ake dafa albasar daji da ƙwai irin na 'yan Cherokee

An yi ta tambayata wannan girki, to ga shi. A jihar Oklahoma ta Amurka, daga Fabrairu zuwa Afrilu, da sanyi ya ja baya, 'yan ƙabilar Cherokee kan taru a majami'u da zaurukan taro su ci shi tare.

1. A haƙo albasar a bakin rafi tun tana 'yar siririya. In babu ta daji, ɗanyen lawashi zai yi, sai dai ƙamshinsa bai kai nata ba.
2. A shinshina kowace ɗaya. Hattara! Akwai ciyawa mai guba da ke kama da ita sosai. Duk wadda ba ta warin albasa, a yar da ita.
3. A bar wasu a ƙasa saboda baɗi.
4. A yanke saiwar.
5. A wanke. Nan aikin yake, don laka na maƙalewa a tsakanin ganye. A yi ta sauya ruwa har gindin kwano ya daina tara yashi. Shi ya sa ake haɗuwa a yi wankin nan ana hira.
6. A yayyanka ta, kai da ganye duka.
7. A dafa a kasko da ɗan ruwa har ta yi laushi.
8. Da ruwan ya tsotse, a zuba mai. Su 'yan Cherokee kitsen alade suka saba sawa. Man gyaɗa ya wadatar.
9. A kaɗa ƙwai 6 da gishiri, ga kowane kofi 1 na albasa.
10. A juye a kai, a rage wuta, ana juyawa. Kada a bari ya bushe.
11. A ci da zafinsa, da dafaffen wake da soyayyen burodi.