Yadda za ka sa na'urar infraruj ta ga ƙwayoyin da ba ta gani

Wani ɗalibin chimie na jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai ya tambaye ni, wai ya sa samfurinshi cikin FTIR, na'urar da ke auna hasken infraruj da sinadari yake sha, bai ga komi ba, layi kawai ya miƙe shar. To ai dole, in abin da ka shafa shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyin sinadari, hasken da za su sha bai taka kara ya karya ba. Dabarar ita ce ka gyara farantin da za su zauna bisa da zinariya don alamar shan hasken ta ƙaru, ana ce mata SEIRA, Hartstein da abokan aikinshi suka fara bayyana ta a 1980 a IBM.

Kafin ka taɓa komi ka san inda ƙwayarka take shan haske. Furotin wajen 1650 da 1550 cm⁻¹ (ma'aunin da na'urar take jera haske da shi), sarƙar CH2, ta karbon da idrojen, wajen 2920 da 2850. Rubuta lambar ka aje.

Sai faranti. Kar ka ɗauko gilashi na banza, yana shanye infraruj ɗin da kake nema tun bai kai ga samfurin ba, CaF2 (fluorure na kalsiyom) ko silikon ake amfani da su. Wanke shi da etanol, busar da shi, kuma don Allah ka rufe shi, ƙurar hunturu ta nan garin ƙwara ɗaya in ta sauka ta fi abin da kake ginawa girma nesa ba kusa ba.

Yanzu zinariya. Hanya mai sauƙi, kuma ni ita nake ba mai farawa shawara, ka turara zinariya cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, sannu sannu, kaurin bai wuce nanomita 10 ba. A wanga kauri ba ta haɗewa ta zama leda ɗaya, tsibirai take yi ƙanana kamar ɗigon ruwa bisa tire mai maiƙo, kuma a ƴan tsakankanin nan ne haske yake taruwa ya yi ƙarfi. In ka zarce ka zuba da yawa tsibiran sun haɗe, ka samu madubi, madubi kuwa bai yi maka wannan aiki. Da tsibirai alamar takan ninka sau goma zuwa ɗari, wani lokaci fiye.

Hanya mai tsada ita ce ƴan sandunan zinariya da ake zanawa da bugun elektron, su kamar eriyar rediyo suke, tsawon sanda shi ke zaɓen tasha. Ƙa'idar kusan rabin tsawon zangon hasken ne, a raba da yadda farantin yake lanƙwasa haske, don haka 1650 da tsawon zangonshi yake mikron 6 zai so sanda wajen mikron 2 bisa CaF2, bisa silikon ta fi haka gajarta. Kuma kaɗawar hasken (polarisation) ta bi tsawon sandar, in ka juya shi a gicciye shiru za ka ji. Wannan kam sai labo mai ɗakin tsafta, sai dai ka aika a yi maka.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Ƙarfin nan a jikin zinariyar yake, ka ɗan nisa kaɗan ya mutu, saboda haka sai ƙwayar ta manne. Gwada da tiyol mai doguwar sarƙar CH2 tukuna, sinadari ne mai sulfur a baki ɗaya, jiƙa farantin cikin 1 mM (milimol ɗaya a lita) na tiyol ɗin a etanol ya kwana, sulfur ɗin zai kama zinariya da kanshi, da safe ka ɗauraye.

Amma tun kafin ka jiƙa, auna farantin da zinariyarshi babu komi, da wannan awon za ka raba na biyu, wanda za ka yi bayan ƙwayar ta manne. Numfashinka ma yana shiga, CO2 na fitowa wajen 2350, tururin ruwa kuma yana zama daidai kan 1650, to hura azot cikin na'urar ka jira ta natsu, in kuran ya ɗauke tsakiyar awo sake daga farko kawai. In kuma da sanduna kake aiki ka ga alamar ta fito a karkace ko kamar rami maimakon tudu, kar ka goge ta, haka take fitowa, sunanta siffar Fano.