Yadda zaka shiga hanyar ƙauye da ƙaramar jif ba tare da ka kwana a taɓo ba

Duk wanda yake da gona ta wajen Soba ko Maigana, ko yake da dangi a ƙauyukan bayan Hunƙuyi da Maƙarfi, ya san wahalar tafiya ba a kan kwalta take ba, daga inda ka sauka ka kama burji ne ake fara lissafi. Yanzu kuma ƙananan jif sun yi yawa a Zariya, RAV4 ne, CR-V ne, tsohuwar Vitara, Terios, jefi-jefi ka ga Jimny, kowa ya saya yana ganin shikenan ya gama da matsalar hanya. Toh ba haka abin yake ba wallahi.

Abu na farko, ka san wace irin mota ke hannunka, don da yawa masu RAV4 da CR-V ɗin da ake kawowa daga Amurka basu san cewa tayoyin gaba kaɗai ke jan motarsu ba, jikin jif ne kawai. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, in baka ga farfelar nan doguwa da ta taso daga giya ta tafi tayoyin baya ba, to motarka ba mai jan taya huɗu bace. Wani lokacin ma da ita ta zo, wani bakanike ne ya cire ta da ta fara ƙara, ya ce wai ba ta da amfani sai shan mai, sai ka je tsakiyar fadama ka gane amfanin nata. Sannan ko cikin masu jan huɗun ma akwai bambanci. Jimny, wadda Suzuki ke ƙerawa tun 1970, da tsohuwar Vitara suna da wata ƙaramar giya daban mai 2H (jan taya biyu) da 4H (jan huɗu) da 4L (jan huɗu a hankali da ƙarfi sosai), kai ne zaka sa da hannunka. RAV4 da CR-V basu da 4L, a yawancinsu motar ce ke tura ƙarfi baya da kanta in ta ji gaba na sulɓewa. RAV4 ta wajen 2006 zuwa 2012 tana da wani maɓallin kulle da ke riƙe tayoyin baya cikin aiki, amma da ka wuce gudun kilomita 40 zai saki da kansa, don haka na fita daga wuri mai wuya ne, ba na tafiya ba.

In kana da mai 4L, ga yadda ake yi. A kwalta 2H. Da ka sauka kan burji mai santsi ko yashi ka sa 4H, tun kafin ka shiga matsalar, ba sai ka kafe ba. 4L kuwa sai ka tsaya cak, ka taka kuloci ko ka mayar da giya firi in otomatik ce, sannan ka sa. Kuma dan Allah da ka dawo kan kwalta ka cire, saboda irin waɗannan motocin tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna in suna 4H, a ƙasa taya na iya ɗan zamewa ta huce, a kwalta babu wannan damar, sai ka ji sitiyari ya yi tauri a kwana, taya na cinyewa, ƙarshe giyar ce zata biya.

Sai maganar iska, wadda kusan kowa ke sakaci da ita. Mai faci in baka hana shi ba 45 ko 50 zai dura maka, wai taya ta yi ƙarfi. A gargada wannan iskar ita ke sa mota ta dinga tsalle tana zamewa, ga shakazoba na shan wahala. Ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motocin nan tsakanin 26 ne zuwa 33. In zaka shiga yashi mai zurfi, irin na rafin da ya ƙafe da rani, ka rage zuwa wajen 20, taya zata baje ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Amma fa kar ka rage in baka da famfon da zaka mayar, kuma kar ka yi gudu ko ka karya kwana da ƙarfi da ragaggiyar iska, taya na iya fita daga rim. Tayoyin huɗu su zama lamba ɗaya, wannan haɗa-haɗen na ɗaya babba ɗaya ƙarama yana kashe motoci masu jan huɗu.

Yanzu ainihin abin, taɓo. Ƙasarmu ta nan iri biyu ce ga direba. Akwai jar ƙasa mai marmara ta kan tudu, ita in an yi ruwa samanta ne ke santsi kamar an shafa sabulu amma ƙarƙashi da ƙarfi, abin da take so shine tafiya a hankali, giya ta biyu, ba taka birki da ƙarfi, ba murza sitiyari kwatsam. Sai kuma baƙar laka ta fadama, irin ta gefen kogin Galma da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa, wannan ita ke haɗiye mota, musamman a watan Agusta zuwa farkon Satumba lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. In ka iso irin wannan wurin ka tsaya ka fito. Na san da nauyi, ka sa farar shadda zaka ɗaurin aure, amma ka fito ɗin, ka samu kara ko sanda ka caka ka ji zurfin da kuma inda ƙasa ke da tauri. Ka kalli sawun da ke wurin, in na tarakta ne ko na babbar motar ɗaukar masara kar ka zuba tayoyinka a ciki, ramin ya fi ƙarfinka, cikin motarka zai zauna a kan tudun tsakiya tayoyi na lilo a iska, kuma a nan ko taya goma ke ja babu inda zaka. Jimny ma da ake yabo tsakaninta da ƙasa santimita 21 ne kacal, sauran basu kai ta ba ko kuma dai kusan hakan. Gara ka ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya ɗaya a gefe, in faɗin hanyar ya bari.

Da ka zaɓi layinka, ka shiga da ɗan ƙarfi daidai misali, giya ta biyu, ƙafarka a totur ba ƙari ba ragi, kar ka canza giya a tsakiya don da ka taka kuloci motar ta tsaya kenan. In ka ji ta fara nauyi ka ɗan dinga kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, gefen taya zai samu abin kamawa. Motar da ke da na'urar hana taya sulɓewa, ka kashe ta kafin ka shiga laka ko yashi, don ita da ta ji taya na juyawa sai ta rage ma injin ƙarfi daidai lokacin da kake nemansa. Babban yatsanka kuma kar ka zura shi cikin sitiyari, a waje zaka ajiye shi, in taya ta daki kututture sitiyarin na iya fizgewa ya targaɗa maka shi.

In ta kafe ta kafe, ka ɗaga ƙafa. Wannan taka totur ɗin har hayaƙi na tashi kabari kawai kake haƙa mata. Ka gwada ribas a hankali kan sawunka, in ta ƙi, ka sauke mutane da kaya, ka kwashe lakar gaban tayoyi da shebur, ka ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, ka cusa duwatsu ko karan dawa ko rassa a ƙarƙashi. Kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak a laka. In tarakta zata ja ka, a ƙugiyar ja ta jikin shasi za a ɗaura igiya, ba a bamba ba, ba a ƙarfen sitiyari ba, mutane kuma su matsa nesa saboda igiya in ta tsinke bata duba fuska. Samarin da suka zo suka tura ka sallame su da mutunci, ku yi magana kafin a fara ma ya fi, ta nan zaka dawo.

Ruwa kuma ba abin jarumta bane. In yana gudu kuma ya kai gwiwa, ka haƙura ka jira, rafukan nan da yawa cikin awa biyu uku sun janye. Ƙaramar mota bata da nauyi, Jimny kaɗan ta ɗara tan ɗaya, ruwa ɗaga ta yake. In kwantacce ne kuma bai wuce tsakiyar taya ba, ka shiga a giya ta ɗaya a hankali ba tsayawa, ka kula da gefen kwalbati da ruwa ya rufe don nan ƙasa ke zaftarewa. In injin ya mutu a cikin ruwa kar ka sake tayarwa, in ya shaƙi ruwa ka murza makulli ka gama da injin, a tura ta waje a kira bakanike. Bayan ka fita ka ɗan tattaka birki ya bushe.

Gangara ka sauka da giya ta ɗaya injin ya riƙe motar, ba a firi ba. In ka kasa hawa tudu kar ka ce zaka juya a tsakiya, motocin nan masu tsayi sama ne marasa faɗi, kifewa suke, ka sa ribas ka sauko a miƙe.

Wani abu da ke ɓata min rai shine masu kauce ma taɓo su faɗa gonar mutane su bi ta kan kunya, masara ta kai ƙugu a tattake ta. Bawan Allah ya sayi taki da tsada, kai kuma don kar tayarka ta ɓaci ka murƙushe masa, gobe ka tarar an kafa ƙaya da kututture a wurin kace mutanen ƙauye basu da kirki. In dole ne sai ka bi, ka nemi mai gonar. Haka in ka haɗu da amalanke ko garken shanu, kai ne mai birki, ka tsaya su wuce, ban da hon. Cikin gari kuma ka rage gudu saboda yara da awaki, da rani ga ƙura tana shiga ma mutane har cikin abinci.

Kafin ka kama hanyar da baka sani ba ka tsaya wajen 'yan acaɓa na bakin mahaɗa, kace sannunku da aiki, ya hanyar take yau, mota ta wuce kuwa? Su ne ke da labarin safiyar nan, wane kwalbati ya karye, ina aka zagaya. Su ne kuma zasu gaya maka maganar tsaro, musamman ta ɓangaren Giwa zuwa iyakar Birnin Gwari, in suka ce kar ka je to kar ka je. Ka fita da wuri ka dawo kafin magariba, ka cika tanki tun daga gari, wani a gida ya san inda ka nufa don sabis na ɗaukewa.

In ka dawo kar ka bar lakar ta kwana biyu a jiki. Ka kai wajen wanki su buga ruwa a ƙarƙashi da cikin rim, don busasshiyar laka a rim ita ke sa sitiyari rawa a kan titin Kaduna, su wanke gaban lagireto shima in ba haka ba mota zata fara zafi. Da kaka ka duba ciyawar da ta naɗe a farfela da salansa ka cire, busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi wuta take kamawa. Lokacin hunturu kuwa iyakilina, wato matatar iskar injin, zaka dinga buɗewa kana kakkaɓewa, in kuma ka ratsa ruwa mai zurfi kace ma bakanike ya duba man giya da na aksul, in ya ga ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo.