Yadda na gyara manhajar da masu kula da sito suke gudu

A kamfaninmu na rarraba kayan masarufi muna da manhajar shigar da kaya, amma masu kula da sito suka yi watsi da ita, suka koma littafi da WhatsApp. Manaja ya ce taurin kai ne. Ban yarda ba, sai na je na tsaya kusa da su ana sauke tirelar shinkafa.

Ashe kafin a shigar da kaya sai an cike gurabe barkatai, har da lambar kaya da ba wanda ya haddace, ga direba yana ta danna ham. Sabis kuma ba ya shiga cikin siton sosai, da ya yanke sai duk abin da aka rubuta ya goge. Wa zai jure wannan?

Na rage guraben zuwa uku: sunan kaya, adadi, hoton takardar direba. Kwanan wata da sunan ma'aikaci manhajar ke cikewa da kanta. Na sa ta riƙa adana bayani cikin wayar da SQLite (wani ƙaramin rumbun adana bayanai da ke aiki ko babu sabis), ta tura idan sabis ya dawo, tana matse hotuna saboda tsadar data. Maɓallan kuma na mai da su Hausa: "Kaya sun shigo", "Kaya sun fita".

Yanzu akanta yana samun lissafin sito kafin a tashi aiki.