Yadda na gyara yankan katako mai karkacewa

Ko na ja layi da fensir, da na ɗora injin zarto sai yankan ya kauce, kusurwa ta ƙi haɗuwa. Sai na haɗa masa jagora da ragowar katako: dogon falle miƙaƙƙe, da guntu a gicciye ƙarƙashinsa, kamar harafin T. Kafin gam ya kama, daga kusurwar da katakan biyu suka haɗu na auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, na yi ta gyarawa har tsakanin alamun biyu ya ba da 50 cif. Kar a yi gaggawa a wannan awon, shi ke ba da digiri 90. Sannan na ɗaure da sukuru. Da na bi jikin dogon fallen da injin, yankan farko ya datse bakin guntun, yanzu da wannan bakin nake daidaita layina, don nan haƙoran zarton za su bi.